Ɗiyata Ta Gyara Mini Tarihi Gaban Baƙi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, mai muryar da ke rage mana nisan gida. Allah ya ja kwana, ya ƙara daraja. A gafarce ni da na kutso shirinku ba gayyata.

Ran Lahadi muna shan shayi a gidana a Lyon da abokan kasuwata na unguwar Guillotière, na ce fafutukar sama wa Yahudawa ƙasa ta faro ne bayan yaƙin duniya na biyu. Sai ɗiyata ta fari, ɗalibar tarihi a jami'ar da ke garin Bron, ta ajiye faranti ta ce, “Baba, ta girmi haka. Tun ƙarni na sha tara aka soma, sa'ad da ake tsangwamar su a Turai, har nan Faransa.”

Alhaji Isufu maƙwabcin shagona ya tuntsire da dariya: “Malam Lawali, yau ka samu malama!”

Na kore ta ɗaki. Da na bincika, ita ke da gaskiya. Tun ranar, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Nakan tsara waƙa, kuma baiti bai taɓa gagarata ba, amma “yafe mini” ta gagare ni, ni da kunyar 'yar fari ta hana ni ko kiran sunanta. Ta ina zan fara? A taimake ni da amsa a rubuce cikin hanzari, domin Asabar za ta koma ɗakinta na jami'a.