Ba Hannun Adda Dije Ne Ya Ɓata Madararmu Ba

Shugaban wannan taro, Alhaji Inuwa. Malamanmu masu daraja. Shugabannin makiyaya na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Iyayenmu mata masu kawo madara. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni dama, amma ku yi mini uzuri, yau raina a ɓace yake.

Ni ce Rumaisa, mai gwajin madara a wannan cibiya ta tara madara. Wata uku madara tana tsinkewa a tankinmu, aka rasa wanda za a ɗora wa laifi sai Adda Dije, wadda ke tasowa tun daga Doguwa da garwarta. Aka tsayar da ita a bakin ƙofa, gaban mata 'yan'uwanta, aka kira ta ƙazama, aka ce kada ta sake dawowa. Ta ce da ni, "'Yata, shekara talatin ina tatsa, yau ko maƙwabta sun daina sayen nonona."

To, ku saurara. Na farko, sau uku ina gwada madararta, lafiyarta ƙalau. Na biyu, na kwance bututun tankin, na zura yatsa, na lakato wani yauƙi. Ƙwayoyin cuta ne suka taru suka lulluɓe kansu, sabulu ya bi ta kansu ya wuce. Saboda irinsa ne tun farko aka sayo mana enzayim, sinadarin da ke cin wannan yauƙi a hankali har ya saki.

Na ukun shi ne abin takaici. Enzayim ruwa mai ɗumi yake so, a bar shi ya jima a ciki. Malam Ɗanasabe mai wankin tanki kuwa tafasasshen ruwa yake sheƙa masa, kamar yadda ya ga ana ɗauraye ƙwarya a gida, sinadarin ya mutu nan take. Ban ga laifinsa ba. Wa ya koya masa? Wa ya tsaya ya duba? Takardar bayanin sinadarin tana durowar manaja, ko buɗe ta ba a yi ba!

Shugaba, bututu gobe zan wanke shi da hannuna. Sunan Adda Dije fa? Ga ta can a kujerar ƙarshe. A gaban jama'a aka kunyata ta, a gaban jama'a za a ba ta haƙuri, yau, kafin kowa ya tashi. In an ƙi, ku nemi wata mai gwajin.

Allah Ya albarkaci garkenmu, Ya tsare mu da zaluntar mara laifi, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.