Gidan da Ake Gyara wa Likita

A tashar Isa, cikin motar Sabon Birni, wani dattijo ya ɗora buhu kan gwiwa. Budurwar da ke gefensa ta toshe hanci.

"Baba, mi ne cikin buhun nan?"

"Makuba ce, ɗiyata, ta shafen bango. Tsohon gidan bayan kasuwa nake gyarawa, hukuma za ta sauke sabuwar likita ciki."

"Likita guda a gidan ƙasa? Ba siminti garinku?"

"An sa! Yaran ɗan kwangila sun lafta masa, damina ɗaya ya ɓamɓare, sannan aka tuna da ni. Ƙasa numfashi take, ba ta son a toshe ta. Kakana ya ɗora azarar gidan nan, har yau ba ta lanƙwashe ba. Ki shiga da azahar cikin bazara, sai kin nemi mayafi."

"In ta gani ta ce ba ta zama fa?"

Dattijon ya daɗe yana shafa bakin buhun.

"Likitoci biyu sun zo sun koma, don ba wurin kwana. Ɗiyata Hadiyya cikin wata bakwai gare ta. Na farin, kan hanyar Sakkwato ta rasa shi. Shi ya sa ko Juma'a ba ni hutawa."

Da aka tada mota, budurwar ta dube shi.

"Taga nawa ɗakin ke da ita?"

"Biyu."

"A ƙara ɗaya ta gabas, Baba, da safe nake karatu. Gobe kuma ka kawo mini Hadiyya in duba ta."

Dattijon ya juyo ya ƙura mata ido.

"Ke ce? Allahu Akbar! Ɗiyata, ɗaya kawai? Wallahi uku za ni buɗe miki!"