Igiya Mai Ƙulli Biyu daga Kumasi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Ladi, daga Karmo a ƙasar Abuja.

Shekarata goma sha biyu da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba. Bara ƙanwata ta rasu a Kumasi, ta bar 'ya'yanta Talatu da Ɗanjuma, dangi suka ce ni zan riƙe su. Ban taɓa ganinsu ba. Wani farken goro ne ya kawo mini igiya mai ƙulli biyu, ya ce tsawon yaran ke nan. Da ita na auna na ɗinka musu riguna.

Wata bakwai ke nan muna jiran takardun ƙetare iyaka. Kullum sai na shafa ƙullin nan kafin in ɗora tukunya. Jiya maƙwabciyata ta ce, "Ladi, ai sun wuce wannan awon, kin yi wahalar banza." Wallahi daɗi na ji, ashe 'ya'yana girma suke yi! Nan take na farke kalmasar rigunan na ƙara musu tsawo.

Ina gaida fatake masu zuwa Kumasi. Ku gaya wa yaran uwarsu tana jira. In za ku dawo, kada ku kawo mini wata igiya. Ku zo mini da su.