Na Hana Maƙwabcina Ƙwaya Biyu

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, sannu da aiki. Ni tela ne a Tishigu, nan Tamale.

Wata biyu da suka wuce mura mai zazzaɓi ta kayar da ni. Likita ya ce irin mai yaɗuwa ce. Ya ba ni maganin da ke rage ƙarfin ƙwayar cutar, ya ba tsohuwata nata don kariya, saboda tana fama da asma. Ya ce mu shanye duka, ni kuma in keɓe kaina a ɗaki.

Washegari maƙwabcina Alhaji Fuseini ya zo gaishe ni. Shekara tara muna cin tuwo a kwano ɗaya da shi. Na amsa masa ta taga. Ya ce, "Yau ni ake gaisarwa ta taga? To, ba ni ƙwaya biyu daga maganinka, mai ɗakina Hajiya ma tana tari."

Na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, a ƙirge suke. Ku kai ta asibiti."

Ya ce, "Allah ya ba da lafiya," ya juya.

Na warke, tsohuwata ba ta kamu ba, alhamdulillahi. Amma har yau Alhaji bai sake aiko a kira ni cin tuwo ba. Ni kaɗai nake ci a shago, rediyo ce abokiyar hirata.

Jama'a, ku ba ni shawara, laifi na yi? Alhaji, na san kuna jin shirin nan. Wallahi tuwon ba ya wuce mini wuya.