Kwana Ukun da Bulus Ya Yi a Ɗaure

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Abin nan ya kai shekara huɗu, wataƙila biyar, don haka ba zan rantse a kan kowace kalma ba.

Ƙanena Bulus ba ya magana sosai, ba ya kallon mutum a ido. In an buga ganga a majami'a, sai ya toshe kunnuwa yana ihu. A lakol, wato makaranta, ana ce mini yayar mahaukaci. Na tsane shi, Allah ya gafarta mini.

Kullum in an shiga sallar azahar a masallacin layinmu a Zongo, sai ya tsuguna a ƙofa yana jera takalman mutane, kowanne da ɗan'uwansa.

Ina gama lisans, wato digirin jami'a, na samu aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Ganhi. A lokacin ne wasu matan zumuntarmu ta majami'a suka ce wa Mama aljani ne ke jan ɗan Kirista zuwa ƙofar masallaci, a kai shi wani gidan addu'a a unguwar Vêdoko. Ni mai karatun, ni na tsayar da zemijan, wato ɗan acaɓa, ni na riƙe Bulus a kan babur! Can suka ɗaure masa ƙafa da igiya a ginshiƙi, ba abinci, wai azumi yake yi. Na gani da idona, na juya na tafi aiki.

Rana ta uku, maƙwabcinmu Alhaji Sani mai goro ya yi sallama.

"'Yata, ina Bulus? Ko ba shi da lafiya?"

Na ce ana yi masa addu'a.

"Addu'ar me? Jiya da takalmin liman na dawo gida a ƙafar hagu! In kun gaji da shi, ku ba mu."

Na shiga ɗaki na durƙusa, ina yi wa Allah ihu: "Me ya sa ka halicce shi haka?" Ba zan ce na ji murya ba, kada in yi ƙarya. Tambaya ce dai ta tsaya mini a ƙirji: wa ya kai shi?

Na ɗauki wuƙar Mama na tafi Vêdoko na yanke igiyar. Ta riga ta ci naman ƙafarsa.

Daga baya likita ya ce sunan abin otizim, wata lalura ce da ake haihuwar mutum da ita, ba aljani ba ne. Bulus yana nan yadda yake. Ni ce Yesu ya kuɓutar daga ƙiyayyar ɗan'uwana. Haleluya!

Amma har yanzu raina a ɓace yake. Wasu daga cikin matan nan suna zaune a nan, ko sannu ba su ce masa ba.

Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, ku bar ɗaure 'ya'yansa. Wanda ya tuna abin dabam, ya aiko mini in gyara. Amma kafin ya aiko, ya fara zuwa ya duba ƙafar Bulus.