Jajayen Robobin Baba

Dwight: Alo, Yaya Lorna? Ina wuni?

Lorna: Lafiya lau. Kun isa gida lafiya?

Dwight: Lafiya ƙalau. Ya ƙafar Baba?

Lorna: Tana nan yadda ka bar ta. Ya su Peggy da yara?

Dwight: Suna gaishe ku. Kin ga hoton da na turo? Kifin bas ne, Yaya, ya kusa tsawon hannuna! Abokaina har yanzu... Alo? Kina ji na?

Lorna: Ina jin ka. Baba ma ya gani. A ina ka kama shi?

Dwight: A tafki mana.

Lorna: Tafki da faɗi. Ta ina?

Dwight: Nan... gaban gidan Baba.

Lorna: Ƙarƙashin jar roba.

Dwight: To ai na sake shi! Doka ta ce a kama a saki, na kama na saki. Hoto kawai muka yi.

Lorna: Ku nawa?

Dwight: Mu huɗu. Kowa ya ɗan riƙe.

Lorna: Sannu da ƙoƙari. Tun muna yara Baba yake ɗaura robobin nan su zama alama a kan gurbin ƙwan kifi don jiragen ruwa su kauce. Bana ƙafa ta hana shi, ni na shiga ruwan sanyin nan har ƙirji, yana zaune a bakin ruwa yana nuna min. Ashe hanya na share maka.

Dwight: Haba Yaya, kifi ɗaya...

Lorna: Namijin ne, mai gadin ƙwan! Ba ya cin komai a wannan lokacin, kora kawai yake. Ko takalmi ka jefa masa zai cafka. Wannan ne abin nuna wa abokai?

Dwight: Ai ya koma gurbinsa, da idona na gani.

Lorna: Ya koma. Kuna can kuna washe baki, 'yan ƙananan kifayen nan suka yi wa ƙwan rubdugu. Na duba da safe. Ko ƙwai ɗaya babu a gurbin, tsakuwa zalla.

Dwight: Me ya sa kika nuna wa Baba? Da kin yi shiru...

Lorna: Kai ka tura masa! Da yagaggiyar wutsiyarsa ya gane kifin. Ya daɗe yana kallo, ya kife wayar, ko kofinsa bai ƙarasa ba.

Dwight: Ba ni shi mu yi magana.

Lorna: Yana bakin ruwa. Kifinka na nan yana fifita tsakuwa kamar har yanzu da ƙwai, yana korar duk abin da ya matso.

Dwight: To badi zan zo in taya ku ɗaura...

Lorna: Babu badi. Ya ce gobe in shiga in kwance sauran duka.

Dwight: Ki kwance? Jirage za su bi ta kansu!

Lorna: Haka na ce masa. Ya ce gara injin jirgi, shi ba ɗansa ba ne, bai koya masa karanta alama ba.

Dwight: Yaya, don Allah ki kai masa wayar. Yaya Lorna? Alo?