Na Bincike Take So

A rumfar mai tsofaffin littattafai, wata dattijuwa ta tsaya tana dubawa.

"Mama, ga na soyayya, su ake rububi," in ji mai rumfar.

"Ɗana, waɗannan tun shafin farko ka san aure za a yi."

"To ga na aljanu. Yaro ya faɗa rijiya, ya ɓulla wata duniya."

"Ya dawo gida?"

"Marubucin bai faɗa ba."

"Ajiye shi. Ba ni na bincike."

"Kisa ne fa a ciki, Mama."

"Na sani. Amma a ƙarshe ana zaunar da uwar, a gaya mata abin da ya faru, ta yi kukanta ta gama. Autana ya fita karɓo takalminsa wajen mai gyara, ya ce in ajiye masa abinci. Cikin da ya bar matarsa da shi yanzu makaranta yake zuwa."

Mai rumfar ya zaro wani.

"Wannan dai, wanda ya ɓata a ciki ba da rai aka same shi ba."

"Amma an same shi?"

"An same shi."

"Sa min a leda."